Taimako: lissafin haihuwa da mace-mace ya tsaya mini, jarrabawa saura kwana 12

Ɗalibar ungozoma, unguwar Zariya

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina shekara ta biyu a wata makarantar kiwon lafiya a nan Maradi, ɓangaren ungozoma, kuma jarrabawa saura kwana 12. Darussan da ake yi da hannu ba sa ba ni tsoro, ko awon ciki ne, ko sauraron bugun zuciyar jariri, ko karɓar haihuwa. Darasi ɗaya ne ya hana ni barci, na ƙididdiga da lissafin jama'a. Na hardace formil ɗin duka, TBN (yawan haihuwa cikin jama'a dubu), TBM (yawan mutuwa cikin jama'a dubu), TGFG (yawan haihuwa cikin mata dubu masu shekarun haihuwa), ISF (yawan ƴaƴan mace ɗaya a lissafi), TMI (mutuwar jarirai kafin cika shekara), ina iya karanto su kamar karatun allo. Amma da zarar an ajiye mini adadi a gabana, sai in rasa wanne zai hau sama, wanne zai sauka ƙasa.

Ga aikin da aka ba mu makon jiya, wanda na samu 6 bisa 20. Gari ne na misali, ba na gaske ba. Ranar 1 ga Janairu mutanensa 49,000 ne, ranar 31 ga Disamba sun zama 51,000. Mata masu shekara 15 zuwa 49 sun kai 11,500. A cikin shekarar an haifi jarirai 2,300 da rai, 60 kuma ba su zo da rai ba. Mutum 500 suka rasu gaba ɗaya. A cikinsu akwai jarirai 138 da ba su cika shekara ba, daga cikin 138 ɗin 69 ba su kai kwana 28 ba, daga cikin 69 ɗin kuma 46 a makon farko suka koma. Mata 12 sun rasu a dalilin ciki ko haihuwa. Aka ce mu fitar da duk ma'aunan da za su fita.

Mutuwar jarirai na raba 138 da 51,000, na samu 2.7 cikin dubu. Har na yi murna, na ce garin nan lafiya lau yake. Malam ya ja jan layi a kai. A wurin haihuwa kuma na haɗa 2,300 da 60, tunda ni a ganina duk haihuwa ce, uwar ta yi naƙuda ta sha wuya. Nan ma jan layi.

Abin da ya fi damuna ba makin ba ne. Innata ta haifi tara, mu shida muka rayu. Ƙanena da ke bi na wata huɗu ya yi ya rasu, ina iya tuna ranar. Duk sa'ad da na ga 138 ɗin nan a takarda shi nake gani, kuma ba na son in fita daga makarantar nan ban san yadda ake ƙirga irinsa daidai ba. Don Allah wanda ya fahimci abin nan ya warware mini shi da Hausa, don da Faransanci an yi mini sau uku bai shiga ba.

Manjo mai ritaya, Bagalam

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan ƙanenki, ya sa mai ceto ne. Na yi shekara 26 ina riƙe gidan likita na CSI a matsayin manjo, wato shugabansa, a ƙasar Mayahi da Dakoro, kowane wata uku sai na cika rahoto da irin waɗannan lambobi, don haka ki saurara.

Ki ajiye hardar nan tukuna. Kafin ki ɗora bik a takarda, tambaya ɗaya za ki yi wa kanki: wannan abin da ake ƙirgawa, su wa zai iya samu? Su ne za su zauna a ƙasa. Manomi in yana son ya san ko irin geronsa na da kyau, ramukan da suka tsiro yake gwadawa da ramukan da ya shuka, ba ya gwada su da faɗin dajin garin. Mutuwa kafin cika shekara, wa za ta iya samu? Ni da ke ba ta iya samunmu, mun wuce wurin. Jaririn da aka haifa da rai kaɗai take samu. Saboda haka 138 a sama, 2,300 a ƙasa, a ninka da 1,000, ya ba ki 60 cikin dubu. Kin ga tazarar da ke tsakanin 60 da 2.7 ɗinki. Kin zuba tsofaffi da samari da ƴan kasuwa duka a ƙarƙashin jarirai, shi ya sa lambar ta narke.

Haka za ki bi da ƴan ƙasa da kwana 28: 69 a kan 2,300, sau dubu, 30. Waɗanda suka rasu daga kwana 28 zuwa kafin cikar shekara su ne 138 a cire 69, saura 69, su ma 30. In kin haɗa biyun dole su koma 60, in ba su koma ba akwai kuskure a wani wuri. Wannan rabon ba don ado ake yinsa ba. Mutuwar watan farko yawanci daga ciki da naƙuda take fitowa: bakwaini, jaririn da bai yi kuka da wuri ba, cibiyar da aka yanke da abu marar tsabta. Wannan aikinku ne ku ungozomomi. Ta bayan wata ɗaya kuwa zazzaɓin cizon sauro ne, gudawa, ciwon haƙarƙari, tamowa, ƙyanda. Wannan aikin rigakafi ne da ruwan sha da gidan sauro. In manjo ya ga wanne ɓangare ne ya kumbura, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kuskurenki na biyu shi ne 51,000. Haihuwa da mutuwa duk shekara ake yinsu, daga sanyi har kaka, don haka ba a ɗaukar jama'ar farkon shekara ko ta ƙarshe, ta tsakiya ake ɗauka. Ki haɗa 49,000 da 51,000 ki raba biyu, 50,000. Da ita za ki yi ma'aunai biyun nan na jimla. TBN: 2,300 a kan 50,000 sau dubu, 46. TBM: 500 a kan 50,000 sau dubu, 10. Ki cire 10 daga 46, saura 36 cikin dubu, wato kashi 3.6 cikin ɗari, shi ne ƙaruwar jama'a ta haihuwa da mutuwa kawai. Kuma ki lura da tarkon da malaminku ya ɗana: 2,300 a cire 500 ya ba da 1,800, amma garin da 2,000 ya ƙaru. Ragowar 200 ɗin baƙi ne, waɗanda suka shigo sun fi waɗanda suka fita da mutum 200. Na tabbata wannan ma yana cikin makin da kika rasa.

TGFG kuwa tambayarmu ta farko ce ta dawo. Wa ke haihuwa? Mata ƴan 15 zuwa 49. To 2,300 a kan 11,500 sau dubu, 200.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai, don masu jarrabawa na son sa. TBM ba ya gaya miki ko ƙasa na da lafiya. TBM na Japan ya fi na Nijar, alhali mutumin Japan yana wuce shekara 80 a matsakaici. Dalili, Japan ƙasar tsofaffi ce, mu kuwa wajen rabin jama'armu ba su kai shekara 15 ba. In aka tambaye ki wane ma'auni ya fi nuna halin lafiyar al'umma, ki ce mutuwar jarirai ko ta ƴan ƙasa da shekara biyar, kada ki ce TBM.

Sai kuma kada ki haɗa yawan mutuwa da kisan cuta. A misali, cikin watan Satumba aka kwantar da yara 400 da zazzaɓi mai tsanani, 20 suka rasu. Wa wannan mutuwar za ta iya samu? Waɗanda suka kamu. 20 a kan 400, kashi 5 cikin ɗari. Wannan cikin ɗari ake faɗarsa, kuma yana auna zafin cutar da ingancin magani, da kuma ko ana kawo yara da wuri.

Ni dai TBN na fi riƙewa a aikina, duk da malamai na raina shi. Da shi nake sanin allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka, nawa zan nema a shekara da karne, wato katin awon ciki, nawa.

Mushen lissafi, Tasawa

Baba Manjo ya gama da rabin aikin, Allah ya saka. Ƙanwata, ni zan ɗora a kan ISF, tunda aikin da kika kawo ba shi da adadin da za a fitar da shi, kuma da wuya a yi jarrabawa babu shi.

Sai dai Baba, da izininka, raina TBN da muke yi yana da dalili. Ka ɗauki ƙauyen da samarinsa suka tafi cirani Najeriya ko Libiya ko wurin zinariya a arewa. Matan na nan, haihuwa ba ta sake ba, amma na ƙasa ya ragu, sai TBN ya tashi. Wanda bai san garin ba sai ya ce haihuwa ta ƙaru. Don neman allura yana da amfani, don gwada gari da gari yana ruɗi.

ISF shi ya kauce wa wannan. Ana kasa mata gida bakwai, kowane gida shekara biyar: 15 zuwa 19, 20 zuwa 24, har zuwa 45 zuwa 49. Kowane gida a raba haihuwarsa da yawan matansa. Bari in ba ki na gaske, na binciken EDSN-MICS da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta yi a 2012. Cikin mata dubu na kowane gida, haihuwa a shekara ita ce 206, 338, 326, 287, 221, 100, 49. Ki haɗa su, 1,527. Ki ninka da 5, 7,635. Ki raba da 1,000, 7.6. Ga lambar nan da duniya ta san Nijar da ita, kin fitar da ita da hannunki.

Wurin da ɗalibaina ke faɗuwa shi ne biyar ɗin nan. Sukan manta da ita su rubuta 1.5. Dalilinta mai sauƙi ne: mace ba shekara ɗaya take yi a gidan 20 zuwa 24 ba, biyar take yi, kuma kowace shekara tana fuskantar 338 ɗin nan. In kuma an ba ki shekara ɗai-ɗai, 15, 16, 17, to babu ninkawa da biyar.

Ki kula da ma'anarsa, don ana ba da maki a kan jimlar bayani. ISF ba yawan ƴaƴan da iyayenmu suka haifa ba ne. Yawan ƴaƴan da mace za ta haifa ne in da za ta rayu daga 15 zuwa 49 tana haihuwa daidai da yadda matan kowane gida ke haihuwa a wannan lokacin. Mace ce ta lissafi, an haɗa ta daga mata bakwai. Abin da Innarki ta haifa, tara, wannan wani ma'auni ne daban, na matan da suka gama haihuwa.

A wancan binciken jiharmu ta Maradi 8.4 ta samu, Damagaram 8.5, Yamai 5.3. Karkara 8.1, birane 5.6. In an ce ki kawo dalili, kada ki tsaya ga cewa mutane na son ƴaƴa. Ki kawo abin da ake aunawa: rabin matan ƙasar nan an yi musu auren fari kafin su cika 16, don tsakiyar shekarun auren 15.7 ne, kuma matan aure kashi 12 cikin ɗari ne kawai ke amfani da hanyar zamani ta tazarar haihuwa a lokacin. Ki dubi 206 ɗin gidan farko, shi ne sawun auren wuri a cikin lissafin. Binciken ENAFEME na 2021 ya samu 6.2 ga ƙasa baki ɗaya, don haka duk lambar da za ki rubuta ki haɗa ta da shekararta.

In an nemi TBR, wato yawan ƴaƴa matan da mace ɗaya za ta haifa, ƴaƴa mata kawai ake so. Ana haihuwar maza wajen 105 a kan mata 100, wato mata 100 cikin 205, 0.488. Ki ninka 7.6 da shi, 3.7. Kowace uwa za ta haifi ɗiya mata kusan huɗu ke nan. ISF na 2.1 shi ne inda al'umma ke maye kanta kawai, a ƙasar da mutuwar yara ba ta da yawa.

Na ƙarshe, lokacin ninkuwa, wato shekarun da yawan jama'a zai ɗauka kafin ya ninka biyu. Ki raba 70 da ƙaruwar shekara. Ƙidayar 2012 ta samu mutum 17,138,707, jihar Maradi 3,402,094, kusan mutum ɗaya cikin biyar ke nan, kuma ƙaruwar ƙasa kashi 3.9 a shekara. 70 a raba da 3.9, wajen shekara 18.

Na yi aikin ƙidayar nan a Disamba 2012, gida-gida a ƙauyukan gabashin Tasawa. Abin da ya fi ba mu wuya shekaru ne. Ka tambayi mace, ta ce talatin. Maƙwabciyarta talatin. Kishiyarta ashirin da biyar. Kowa na faɗawa kan sifili ko biyar. Sai mun koma ga tarihi: lokacin rasuwar Janar Kunce a 1987 kina goye ko kina tafiya? Lokacin da aka kashe Ba'are a 1999 an yi miki aure? Macen da take 19 in ta ce 20, kin ga ta tsallaka gida, ta tafi da jaririnta wani gidan. In za ki cika rajista gobe, ki ba shekarun uwa minti ɗaya.

Ɗalibar ungozoma, unguwar Zariya

Baba, Yaya Mushe, Allah ya biya ku. Jiya bayan isha'i na sake aikin daga farko ba tare da na buɗe kaye ba, tambayar Baba kawai nake yi, wa abin zai iya samu, kuma duk sun fita daidai da naku. ISF ma na danna shi a kalkileta sau biyu, da na ga 7.6 ta fito sai da tsigar jikina ta tashi.

Saura abu uku. Na ɗaya, har yanzu zuciyata ba ta kwanta da fitar da 60 ɗin nan daga haihuwa ba, ina ne wurinsu? Na biyu, a takardarmu an rubuta cewa a 2012 mutuwar jarirai 51 ce cikin dubu, ta ƴan shekara 1 zuwa 4 kuma 81, amma ta ƴan ƙasa da biyar 127. Ni in na haɗa 51 da 81, 132 nake samu. Ina biyar ta tafi? Na uku, matsakaici da na tsakiya da mafi maimaituwa, na san yadda ake fitar da su, amma ban san yaushe ake zaɓar wannan a bar wancan ba. Yaya ya ce tsakiyar shekarun aure, me ya sa ba matsakaici ba?

Sajfam (ungozoma) tun 1998, Sabon Gari

Ɗiyata, ta farkon tawa ce, ki bar mini ita. Zuciyarki ta yi daidai da ba ta kwanta ba, kuma lissafin ma bai zubar da su ba, ɗakinsu daban ne.

Ki fara riƙe ma'anar haihuwa da rai kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye ta. Duk jaririn da ya fito ya nuna alamar rai ko guda ɗaya, ya ja numfashi, ko zuciya ta buga, ko cibiya na harbawa, ko ya motsa gaɓa, to an haife shi da rai, ko cikin wata nawa ne, ko minti biyu ya yi. In ya koma, sau biyu za a rubuta shi: a cikin haihuwa, a cikin mutuwa. Wanda bai nuna komai ba, kuma cikin ya kai mako 28, shi ne wanda bai zo da rai ba. Ƙasa da haka ɓari ne. Shi ba ya shiga mutuwar jarirai, don bai shiga layin masu rai ba balle ya fita. Nasa ma'aunin, 60 a sama, a ƙasa kuma duk haihuwa, 2,300 da 60, wato 2,360. Ya ba ki 25 cikin dubu. Kin ga haɗin da kika yi yana da wuri, ba a nan kika sa shi ba ne kawai. Akwai kuma wanda ya fi shafarmu, na mutuwar gab da haihuwa: 60 ɗin da 46 na makon farko, 106 a kan 2,360, kusan 45 cikin dubu. Wannan shi ne madubin ɗakin haihuwa.

Zan gaya miki abin da na gani da idona a wani wurin da na yi aiki. Jariri ya fito ya yi numfashi biyu uku, aka yi ta fama da shi, ya koma. Wadda ke kan rajista ta rubuta bai zo da rai ba, don ya fi sauƙin rubutu kuma ba a yawan tambaya a kansa. In aka yi haka sau goma a shekara, mutuwar jarirai ta sauka a takarda, a maƙabarta ba ta sauka ba, kuma ba wanda zai aiko muku da abin hura wa jariri iska tunda takardarku ta ce ba ku da matsala. Ki rubuta abin da ya faru. Ko wanda bai zo da rai ba, ki rubuta ko sabo ne ko fatarsa ta saɓule. Sabo yana nufin a cikin naƙuda ya tafi, watakila a hanya, watakila a hannunmu.

A gida ma haka ne. Jaririn da ya koma kafin suna, da yawa ba sa sa shi a lissafi. Ki tambayi mace haihuwarki nawa, ta ba ki na raye. Wata ta tsallake ɗan fari don kunya. Mai wabi kuwa ba ta son a tayar mata da maganar sam. Shi ya sa ba a yin tambaya ɗaya. Ki ce nawa ke tare da ke, nawa ke wani wuri, nawa suka rigaye mu, akwai wanda ya yi kuka ya koma kafin a raɗa masa suna? A hankali, da sunkuyar da murya.

Mata 12 ɗin nan kuma ba wanda ya taɓa su. 12 a kan 2,300, amma a nan da 100,000 ake ninkawa, ya ba ki 522. Ki kula, in an ce a raba da mata 11,500, wani ma'auni ne daban, wajen 104 cikin mata 100,000, ki karanta tambayar da kyau. Mutuwar uwa ita ce wadda ta faru tana da ciki ko cikin kwana 42 bayan ƙarshen cikin, a dalilin cikin ko abin da cikin ya tsananta. Ki tuna da arba'in ɗin jego ki ƙara kwana biyu. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin bayan haihuwa, duk sun shiga. Ƙarancin jini da ciki ya ƙara wa ƙarfi ya shiga. Mai cikin da mota ta kaɗe ba ta shiga ba. A 2012 ƙasarmu 535 take, burin duniya kuma a sauka ƙasa da 70 kafin 2030. A ƙaramin gari kada ki yi saurin yanke hukunci da wannan lamba, don a misalinku mace ɗaya kawai tana motsa ta da 43. Shi ya sa manyan bincike suke tambayar mata labarin ƴan'uwansu mata da suka rasu, su tara na shekaru da yawa.

Mushen lissafi, Tasawa

Gwaggo, na ƙaru ƙwarai. Ƙanwata, biyar ɗinki ba ta ɓata ba, tambayar Baba ce dai. Fara da jarirai 1,000. 51 sun rasu, 949 suka ga shekara ɗaya. 81 cikin dubu a kan waɗannan 949 take aiki, ba a kan dubun farko ba, wato wajen 77. 51 da 77, 128. Ɗayan da ya rage tsakaninta da 127 daga cike lambobi ne. Ki riƙe jerin nan ma, yana da amfani a tambayar sharhi: 318 a 1992, 274 a 1998, 198 a 2006, 127 a 2012. Cikin dalilan saukar akwai maganin ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta da aka fara a 2006, da raba gidan sauro, da rigakafi, da ƙananan gidajen likita na ƙauyuka.

Matsakaici kuwa, ɗauki mata bakwai da shekarunsu a haihuwar fari: 15, 16, 16, 17, 18, 19, 32. Jimla 133, a raba bakwai, 19. Na tsakiya, bayan kin jera su, 17. Mafi maimaituwa 16. Mace ɗaya da ta daɗe ba ta samu haihuwa ba ta ja matsakaicin sama, har biyar cikin bakwai suna ƙasa da shi. Na tsakiya bai damu da ita ba, ko 45 ce yana nan 17. Duk inda akwai ƴan tsiraru da suka yi nisa da sauran, na tsakiya za ki ɗauka. Ga aure akwai ƙarin dalili: wasu ba su yi ba tukuna, ba su da lambar da za a haɗa, amma ana iya sanin shekarar da rabi suka yi. In adadin mutanen bibbiyu ne, kamar takwas, ki haɗa biyun tsakiya ki raba biyu.

Matsakaici shi kaɗai ma ba ya isa. Jarirai uku masu kilo 2.9, 3.0, 3.1 da wasu uku masu 2.0, 3.0, 4.0 duk matsakaicinsu 3 ne, amma a kashi na biyu akwai wanda bai kai giram 2,500 ba. Ma'aunin warwatsuwa, ekar-tip, shi ke tona wannan: ki cire matsakaici daga kowace lamba, ki ninka sakamakon da kansa, ki haɗa, ki raba da yawansu, ki ɗauki saiwa. Na farko 0.08, na biyu 0.82.

Tsawon rai da ake sa ran jariri zai yi shi ma matsakaici ne, kuma yara ne ke jansa ƙasa. Jarirai goma, biyu sun koma a watannin farko, takwas sun kai 70: 560 a raba goma, 56. Ba wanda ya mutu yana 56 a cikinsu.

Ɗalibar ungozoma, unguwar Zariya

Gwaggo, Yaya, Baba, na kwafe komai a kaye, kuma mu huɗu muke bitarsa yanzu kowace la'asar. Gobe za mu gwada ISF da adadin da kowa zai ƙirƙiro wa ɗan'uwansa.

Gwaggo, na gwada tambayoyinki a kan Innata daren jiya muna tsince wake. Na ce nawa ke tare da ke, ta ce huɗu. Nawa ke wani wuri, ta ce biyu, yayata da ke aure a Madarumfa da wanmu da ke Kano. Nawa suka rigaye mu, ta ce uku, ta faɗi sunayensu. Sai na ce akwai wanda ya yi kuka ya koma kafin suna? Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce akwai wata ɗiya mace tsakanin yayata da ni, a gida aka haife ta da damina, kwana biyu ta yi. Shekarata 21 ban taɓa jin labarinta ba. Goma ne ashe, ba tara ba.

Tambaya ɗaya ta rage mini kafin ranar: in an ba mu jadawali mai rukuni-rukuni, kamar nauyin jarirai daga giram 2,000 zuwa 2,499, 2,500 zuwa 2,999, yaya ake fitar da na tsakiya a ciki? Yaya Mushe, in ka samu sarari ko zuwa Alhamis ne.